Rashin Jituwa Tsakanin Na'urorin Haɗa Kira a Sadarwar Intanet: Nazari Daga Birnin Kano

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar ɗan kasuwa a Kurmi, ko a zauren wani attajiri a Koki ko Yakasai, ya san irin waɗannan koke-koke. An bugo waya daga Jidda, ana tsakiyar gaisuwa sai ta yanke. Ko mai kira yana jin maganar mutum, amma shi ba a jin tasa. Ko ɗan'uwa ya kira daga ƙasar Sin, amma lambar gida ce ta bayyana a fuskar waya. Ko kuma a ce wa mai kira babu mai wannan lamba, alhali mai ita yana zaune riƙe da wayarsa. Abin da jama'a kan ce a irin wannan hali shi ne "babu sabis", a bar zancen a nan.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan matsaloli ba daga raunin sabis suke ba. Tushensu shi ne rashin fahimtar juna tsakanin na'urorin da ke haɗa kira, waɗanda kamfanoni daban-daban suka ƙera, kuma kowannensu yana da'awar cewa ƙa'ida ɗaya yake bi. Za a bayyana yadda ake haɗa kira, da dalilin da ya sa rubutacciyar ƙa'ida kaɗai ba ta wadatar ba, da ire-iren saɓanin da ake samu, da hanyoyin da ake bi a yi maganinsu. Daga ƙarshe za a kawo abin da ya kamata ma'aikatu da jami'o'inmu su lura da shi kafin su sayi irin waɗannan na'urori.

2.0 SALLAMA DA ZANCE

Kafin a yi nisa, ya kamata a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da ke cikin kowane kira. Bari mu ɗauki misali daga al'adar cikin birni. Idan baƙo ya zo ganin maigida, ba ya faɗa wa gida kai tsaye. Yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ya sami yaro ya ce masa ya shiga ya ce ana sallama da maigida, in ji wane. Yaro ya shiga ya dawo da amsa: wai yana zuwa, ko yana tare da baƙi, ko ba ya nan, ko ma ba nan ne gidan ba. In maigida ya fito, a gaisa. In baƙon Balarabe ne ko Babarbare, a daidaita harshen da za a yi magana da shi. Sa'an nan a shiga zancen da ya kawo shi. In an ƙare, a yi ban kwana.

Duk abin da ya gudana a nan, in ban da zancen kansa, shi ne za mu kira "sallama" a wannan takarda, watau saƙonnin da na'urori ke aika wa juna don neman mutum, da sanar da shi, da daidaita yadda za a yi magana, da rufe kira. Muryar da ke tafiya bayan haka ita ce "zance".

A sadarwar intanet waɗannan biyun ba hanya ɗaya suke bi ba. Ita murya ana yanka ta ƙunshi-ƙunshi, galibi ƙunshi 50 a kowace daƙiƙa, a aika bisa wata ƙa'ida da ake kira RTP, wadda aka fitar a 1996. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, watau ITU, ta ba da shawarar cewa in ana son hira ta tafi daidai, kada jinkirin murya daga baki zuwa kunne ya wuce dubu-kashi 150 na daƙiƙa. Wannan shi ya bambanta kira da wasiƙar intanet: wasiƙa tana iya jira a sake aiko ta, amma magana in ta makara ta ɓaci.

Ita kuwa sallama, ƙa'idar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce SIP. Tsarinta bai yi nisa da na zaure ba. Na'urar mai kira takan aika saƙon gayyata, a mayar mata da amsoshi masu lamba. Lamba 100 tana nufin an ji, ana nema. Lamba 180, wayarsa tana ƙara. Lamba 486, yana kan wani kiran. Lamba 404, babu mai wannan adireshi. Lamba 200, ya ɗauka. Da zarar 200 ta iso, wajibi ne na'urar mai kira ta mayar da saƙon tabbaci cewa ta ji. A ƙarshe wanda ya fara ajiye waya ya aika saƙon ban kwana. Ya kamata a riƙe wannan jeri, don kuwa kusan kowace matsala da za mu gani nan gaba wani mataki ne a cikinsa ya karye.

3.0 DAGA GIDAN WAYA ZUWA INTANET

A zamanin farko na wayar tarho mutum ne ke yin aikin yaron zaure. Mai kira ya faɗa wa ma'aikacin gidan waya wanda yake nema, shi kuma ya haɗa layi da hannunsa. Da injina suka karɓi aikin, sai aka bukaci harshen da za su yi magana da juna. Mafi shahara shi ne tsarin SS7, wanda aka amince da shi a duniya a 1980, wanda kuma ya ware wa sallama hanyarta dabam da ta murya. Tun a lokacin ƙasashe suka yi ta yi masa gyare-gyare, kowace da irin nata.

A Nijeriya an kafa kamfanin NITEL a 1985, kuma injinansa daga maƙera daban-daban suka fito, kamar Siemens na Jamus da ITT na Amurka. Lambar Kano ita ce 064. Zuwa 2001 layukan da ke aiki a ƙasar baki ɗaya ba su wuce kimanin 400,000 ba. A watan Janairu na wannan shekara Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, wadda aka kafa a 1992, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta 2001, Glo ya biyo baya a 2003, Etisalat kuma a 2008. A 2020 layukan da ke aiki suka haye miliyan 200.

Waɗanda suka ga shekarun farko na salula za su tuna cewa kira daga layin wani kamfani zuwa na wani ya fi wuyar shiga. Dalili ke nan da ɗan kasuwa kan riƙe waya biyu ko uku, kuma shi ya buɗe kasuwar waya mai layi biyu. Ashe ke nan mutanen Kano sun ɗanɗana rashin jituwa tun kafin kira ya koma intanet.

Da aka fara aika murya ta intanet, ƙa'idoji biyu suka yi takara. ITU ta fitar da H.323 a 1996. Ƙungiyar injiniyoyin intanet, watau IETF, ta fitar da SIP a watan Maris 1999, aikin Mark Handley da Henning Schulzrinne da Eve Schooler da Jonathan Rosenberg, sa'an nan ta sabunta ta a watan Yuni 2002 cikin takarda mai lamba RFC 3261. Wasu kamfanoni kuma, kamar Cisco, suna da tasu ƙa'idar ta gida. A hankali SIP ta rinjaya. Sai dai SS7 bai gushe ba. Saboda haka kira ɗaya daga Makka zuwa Ƙofar Mata yana iya farawa da SS7, a juya shi zuwa SIP, ya ratsa hannun dillalan kira biyu ko uku, a sake mayar da shi SS7 kafin ya iso. Kowace mahaɗa wurin fassara ce, kuma a wurin fassara ake yin ɓatan kai.

4.0 ƘA'IDA ƊAYA, FAHIMTA DABAN-DABAN

Tambayar da ta kamata a yi ita ce: in kowa SIP yake bi, daga ina saɓani ke fitowa? Akwai dalilai huɗu.

Na farko, hukunce-hukuncen ƙa'idar ba darajarsu ɗaya ba. A 1997 Scott Bradner ya rubuta takarda mai lamba RFC 2119, wadda ta kasa umurnin da ke cikin ƙa'idojin intanet hawa-hawa. Duk wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure zai gane wannan rabo nan take, don kuwa ya yi kama da wanda ya sani: akwai wajibi, da mustahabbi, da ja'izi, da makaruhi, da haramun. Maƙeri yana iya yin duk wajibai, ya bar mustahabbai, ya ce ya cika ƙa'ida, kuma gaskiya ya faɗa. Wani maƙerin kuwa ya gina na'urarsa bisa zaton cewa kowa zai aikata wancan mustahabbi. Ran da na'urorin biyu suka haɗu sai kira ya ƙi shiga, kuma a rasa wanda za a ɗora wa laifi.

Na biyu, girman ƙa'idar. RFC 3261 kaɗai ta haura shafi 250, kuma an yi mata ƙare-ƙare a takardu fiye da ɗari. Babu na'urar da ta ɗauke su duka. Kowane kamfani yakan zaɓi waɗanda kasuwarsa ke bukata.

Na uku, gaggawar kasuwa. Sau da yawa kamfani kan ɗauki daftarin da ba a gama tattaunawa a kansa ba ya zuba a na'urarsa ya sayar. In daga baya aka amince da wata hanya dabam, na'urorin da aka riga aka sayar suna nan suna aiki da tsohuwar, wani lokaci shekaru goma ko fiye. Wannan ya fi shafar ƙasashe irin namu, inda ake yawan sayen na'urorin da aka yi amfani da su a wani wuri.

Na huɗu, sassaucin rubutu. Saƙon SIP rubutu ne da mutum zai iya karantawa, kuma ƙa'ida ta yarda a rubuta abu ɗaya ta hanyoyi da yawa: da cikakken suna ko da harafi ɗaya, da manyan baƙaƙe ko ƙanana, a layi ɗaya ko a karya shi biyu. Na'urar da aka gwada da salo ɗaya kawai takan ruɗe in ta ga wani. Jon Postel, ɗaya daga cikin magabatan intanet, ya yi wasiyya tun 1980 cewa na'ura ta tsananta wa kanta a abin da take aikawa, ta yi sassauci a abin da take karɓa. Wasiyyar ta yi amfani ƙwarai, amma tana da illa: kuskuren da aka yi ta yafewa yakan zama al'ada, har wata rana a haɗu da na'urar da ba ta yafiya.

5.0 IRE-IREN MATSALOLIN

5.1 Kiran da ke yankewa bayan daƙiƙa 32

A ɗauka wata ma'aikata a cikin birni ta sayi injin rarraba kira daga wani kamfani, ta haɗa shi da layin wani kamfanin sadarwa mai na'urar wani maƙerin. Kira yana shiga, ana jin juna, amma kullum sai ya yanke bayan kimanin rabin minti. Abin da ke faruwa shi ne: wanda aka kira ya aika 200, amma saƙon tabbaci bai iso gare shi ba, saboda na'urorin biyu sun saɓa a kan adireshin da za a mayar da shi. Ƙa'ida ta ce ya yi ta maimaita 200, yana farawa da tazarar rabin daƙiƙa, har tsawon ninki 64 na wannan tazara, watau daƙiƙa 32. In bai ji komai ba, ya ɗauka babu kowa a zaure, ya rufe ƙofa. Duk injiniyan da ya ga kira yana mutuwa a daidai wannan lokaci ya san ba eriya zai duba ba.

5.2 Murya ta ɓangare ɗaya

Adireshin intanet na tsohon tsari bai ishi duniya ba, saboda haka gidaje da ofisoshi da yawa suna amfani da adireshin cikin gida, suna fita waje da adireshi ɗaya na tarayya. Matsalar ita ce, na'ura takan rubuta adireshinta na cikin gida a saƙon gayyata, ta ce a nan za a aiko mata da murya. Kamar mutum ne ya aika wasiƙa ƙasar waje ya ce a ba shi amsa a "ɗaki na uku", bai faɗi gida ko unguwa ba. Muryarsa tana fita, amma ta abokin maganarsa ba ta san inda za ta ba. An fitar da hanyoyin magance wannan, kamar STUN a 2003 da TURN da ICE a 2010, amma ba kowace na'ura ke da su ba. Wasu akwatunan intanet na gida kuma sukan yi karambanin gyara adireshin da kansu, su ɓata wanda an riga an gyara.

5.3 Awon murya

Kamar yadda mudun wani gari ba ya zuwa daidai da na wani, haka hanyoyin dunƙule murya suka bambanta. Tsohuwar hanyar G.711 tana cin bit 64,000 a daƙiƙa, kuma ita kanta iri biyu ce: ɗaya ta Amurka da Japan, ɗaya ta sauran duniya, har da Nijeriya. G.729 tana cin 8,000 kacal. Wayar salula tana da AMR, manhajojin zamani da yawa kuma suna amfani da Opus, wadda aka fitar a 2012. A cikin sallama kowane ɓangare kan jera waɗanda ya iya. In babu ko ɗaya da suka yi tarayya a kai, kira ba zai ƙullu ba, sai an sa na'ura a tsakani ta juye daga wannan mudu zuwa wancan. Kowane juyi kuwa yana rage ingancin murya, yana ƙara jinkiri.

5.4 Danna lamba

Mutum ya kira banki ko wani ofishi, murya ta ce ya danna 1 don Turanci, ko wata lamba don Hausa. Ya danna, ba a ji ba, har a kashe kiran. Hanyoyi uku ake aika wannan dannawa: a cikin murya kamar kowane sauti, ko a ƙunshi na musamman bisa RFC 2833 ta shekarar 2000 wadda RFC 4733 ta gada a 2006, ko a cikin saƙon sallama. In mai aikawa ya bi ɗaya, mai karɓa yana jira a wata, dannawar ta tafi a banza. Wanda ba ya jin Turanci shi ya fi cutuwa, don kuwa ƙofar da za ta kai shi ga harshensa ita ce ta ƙi buɗuwa.

5.5 Dalilin ƙin shiga, da lokacin fara caji

SS7 yana da lambobinsa na bayyana dalilin da kira bai shiga ba, SIP ma yana da nasa, kuma ba su yi daidai ɗaya bayan ɗaya ba. Jadawalin fassara ma biyu ne: na IETF a RFC 3398 ta 2002, da na ITU a Q.1912.5 ta 2004, kuma sun saɓa a wasu wurare. In kira ya ratsa mahaɗa da yawa, dalilin da ya taso a matsayin cunkoson layi yana iya isa kunnen mai kira da wata ma'ana dabam. Haka kuma ana fara lissafin kuɗi ne daga isowar 200. In wata na'ura a tsakani ta aika 200 tun waya tana ƙara, ko bisa kuskure ko da gangan, mai kira zai biya kuɗin maganar da bai yi ba.

5.6 Lambar mai kira

Lamba ɗaya ana iya rubuta ta da sifiri a farko, ko da 234, ko da alamar tarawa kafin 234. Na'urar da ke jiran salo ɗaya takan ƙi sauran. Bugu da ƙari, akwai gurbi fiye da ɗaya a saƙon gayyata inda ake rubuta lambar mai kira: na asali, da wanda RFC 3325 ta kawo a 2002, da wani na daftarin da ba a taɓa amincewa da shi ba amma kamfanoni suka yi ta amfani da shi. Mafi muhimmanci, duk wanda saƙon ya ratsa hannunsa yana iya sauya abin da aka rubuta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Oktoba 2016 NCC ta ɗaga kuɗin saukar da kiran ƙasashen waje zuwa naira 24.40 a minti, alhali na cikin gida yana naira 3.90. Wasu dillalai suka riƙa goge lambar waje suna sa ta gida don su biya ƙaramin kuɗi. Wannan shi ne dalilin da ya sa alhaji kan kira daga Saudiyya iyalinsa su ga baƙuwar lambar Nijeriya, su ƙi ɗauka, ko su kasa mayar da kira. A farkon 2018, lokacin da Farfesa Umar Garba Ɗambatta, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, yake shugabancin hukumar, an hukunta wasu kamfanoni a kan haka, har aka dakatar da lasisin ɗaya na kwana 90. A Amurka kuwa, daga ƙarshen Yuni 2021 an wajabta wa manyan kamfanoni su riƙa buga wa lambar mai kira hatimin da ba a iya jabunsa. Amma hatimin a cikin SIP yake tafiya. Da zarar kira ya faɗa tsohon tsari sai ya ɓace.

6.0 SARKIN ƘOFA DA TAFINTA

Kano ba baƙuwar wannan matsala ba ce. Tun da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, fatake masu harsuna da awo da kuɗi daban-daban suke haɗuwa a cikinta. Sunayen unguwanni kamar Agadasawa da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Dandalin Turawa shaida ne. Ba a taɓa tilasta musu harshe ɗaya ba. Abin da aka yi shi ne aka sa Sarkin Ƙofa ya san mai shiga da mai fita, aka sami fatoma ya sauki baƙo ya tsaya masa, aka sami dillali da tafinta su daidaita ciniki.

Masu sadarwa ma hanyar da suka bi ke nan. A bakin iyakar kowane kamfani akan girka wata na'ura mai suna SBC, wadda za mu iya kira mai tsaron ƙofa. Tana karɓar sallama daga waje, ta bincika ta, ta sake rubuta ta da salon da na'urorin cikin gida suka saba, ta gyara adireshi, ta juye murya in da bukata. Amfaninta a fili yake. Amma tana da tsada, tana bukatar gwani ya tsara mata dokoki ga kowane maƙwabci, kuma duk sabon abin da ba ta sani ba takan jefar da shi. Watau tana rufe ciwo, ba ta warkar da shi.

Hanya ta biyu ita ce gwaji. Tun watan Afrilu 1999, lokacin da aka yi zaman farko a Jami'ar Kolumbiya da ke Niyok, injiniyoyin kamfanonin da ke gasa da juna suka riƙa taruwa da na'urorinsu su gwada kowace da kowace. Daga baya aka sa wa taron suna SIPit. Sharaɗinsa shi ne ba a bayyana sakamakon wani kamfani a waje, don kowa ya kawo na'urarsa ba tare da tsoron tonon asiri ba. A 2006 kuma aka buga RFC 4475, tarin saƙonni masu wuyar sha'ani da aka shirya da gangan don jarraba na'ura.

Hanya ta uku ita ce taƙaita zaɓi. Ƙungiyoyi kan zauna su ce: a wannan aiki, ga mustahabban da muka mayar wajibi, ga ja'izan da muka bari. Haka aka yi a SIPconnect don haɗa injinan ofisoshi da kamfanonin sadarwa, da kuma IR.92 wadda ƙungiyar kamfanonin salula ta GSMA ta fitar a 2010 don kira a kan 4G.

7.0 RASHIN JITUWA DA GANGAN

Ba kowane saɓani ne kuskure ba. Skype, wanda ya fito a 2003 aka rufe shi a watan Mayu 2025, bai taɓa buɗe harshen sallamarsa ga kowa ba. WhatsApp, wanda ya fara kiran murya a 2015, shi ne a yau hanyar da 'yan kasuwar Kano da yawa ke magana da abokan cinikinsu na waje, kuma yana aiki da kyau ne domin kamfani ɗaya ke riƙe da ƙofa biyun. Amma mai WhatsApp ba ya iya kiran mai Telegram. Ko tsarin WebRTC, wanda ya ba shafukan intanet damar ɗaukar murya da hoto, ya daidaita zance ne kawai, ya bar wa kowane kamfani ya tsara sallamarsa. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2022 wadda ta tilasta wa manyan manhajojin saƙo su buɗe ƙofa ga ƙanana, a fara da rubutu daga Maris 2024, kira kuma ya biyo baya. Wannan doka ba ta shafi mai waya a Nijeriya ba.

Kuɗi ma kan rufe ƙofar da na'ura ta buɗe. A watan Janairu 2024 NCC ta sanar da amincewarta a hana masu layin Glo kiran masu layin MTN saboda bashin kuɗin haɗa kira, kafin kamfanonin biyu su sasanta a janye matakin. Da an aiwatar, da mai waya a Jakara ya ce babu sabis, alhali na'urori lafiyarsu ƙalau.

8.0 ABIN DA KE TAFE

A tsarin 4G da 5G babu wata hanyar murya ta dabam. Kira saƙon intanet ne, sallamarsa kuma SIP ce. Ma'anar wannan ita ce wayar da ke aljihun mutum ita ma ta shiga cikin masu saɓani. Waya tana iya yin intanet a kan 4G amma ta kasa kira a kansa, in maƙerinta bai zuba mata tsarin wannan kamfanin sadarwa ba. Yanzu ba a cika lura ba, saboda wayar takan koma 2G ko 3G a ɓoye ta yi kiran. Kano tana cikin biranen da MTN ya fara kunna 5G a 2022, kuma ƙasashe da dama sun riga sun kashe tsofaffin tsare-tsaren.

Abin da ya faru a Ostareliya ya isa darasi. Kafin a rufe 3G a ƙarshen Oktoba 2024, an tarar akwai wayoyin da ke iya kiran yau da kullum a kan 4G amma ba sa iya kiran lambar gaggawa, musamman waɗanda aka sayo daga waje. Dole gwamnati ta umurci kamfanoni su toshe su. In aka dubi yawan wayoyin da ake shigowa da su kasuwannin Kano daga ƙasashe daban-daban, sababbi da na hannu, za a ga cewa ran da aka yi irin wannan rufewa a nan, tambayar ba ta jin daɗin hira ba ce. Tambayar ita ce ko mai haƙuri a tsakar dare zai sami lambar 112.

9.0 KAMMALAWA

An nuna a wannan takarda cewa kira yana da sallama yana da zance, kuma mafi yawan saɓanin na'urori a sallama yake. An nuna cewa faɗar maƙeri cewa na'urarsa tana bin SIP ba hujja ba ce cewa za ta jitu da ta wani. Bisa ga haka ana ba da waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, duk ma'aikata ko jami'a ko asibitin da zai sayi injin rarraba kira kada ya yi cinikin biri a sama. A rubuta a yarjejeniya cewa ba za a biya ba sai an gwada na'urar da layin kamfanin da za a haɗa ta da shi: kiran da ya wuce minti 30, da danna lamba, da bayyanar lambar mai kira, da kira zuwa kowane layi na ƙasar, da lambar gaggawa.

Na biyu, hukumar da ke tantance na'urori kafin a sayar da su ta ba da ƙarfi ga gwada kiran gaggawa a kan 4G, tun kafin a yi maganar rufe tsofaffin tsare-tsare.

Na uku, sassan injiniya na jami'o'inmu su koya wa ɗalibai karanta saƙonnin sallama da idonsu. Manhajojin yin haka, kamar Wireshark da Asterisk, kyauta ne, kuma kwamfuta biyu sun isa a kafa ɗakin gwaji.

Na huɗu ya shafi masana harshe da ke wannan zaure. Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, kamar sallama da zance da mai tsaron ƙofa, shawara ce kawai. Ana fatan za a tattauna su, a gyara wanda ya kamata, a tsayar da waɗanda za a riƙa koyarwa da su, don mai gyaran waya da mai sayen na'ura su iya faɗin ainihin abin da ya lalace da harshensu. Allah ya sa mu dace.